Fudin ɗin gwanda a Garwa: yadda wata mai gato ta rabu da ruwa da ɗaci

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune a unguwar Yelwa cikin Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, a bakin kogin Binuwai. Shekarunta sun haura arba'in, tana da 'ya'ya biyar, maigidanta direban babbar mota ne da ke jigilar auduga idan kaka ta yi. Sana'arta ta cikin gida ce: kek na biki da suna, wanda a Garwa gato ake ce masa, sai cincin da dubulan, da alkaki idan an yi oda. Ta shekara fiye da goma tana yi, kuma a layinsu an san hannunta.

Ba ta da tanderu. Babbar tukunyar dalma take ɗorawa a murhun gawayi, ta shimfiɗa yashi a ƙasanta, ta ajiye gwangwanin gato a kan yashin, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi. Mata da yawa haka suke gashi a arewacin Kamaru, kuma ga gato hanyar ba ta da aibu.

A bayan madafinta, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara, akwai bishiyar gwanda uku. Daga Nuwamba 2024 suka riƙa zuba 'ya'ya fiye da abin da gidan zai iya shanyewa. Yara sun sha har sun ƙoshi, an kai wa maƙwabta, an kai wa suruka. Kai ta kasuwa kuwa ba riba, don masu lambu na bakin kogi sun cika tebura da irinta. Nunanniyar gwanda ba ta jira: kwana biyu ko uku ta fara laushi tana tara ƙuda. Ga jemagu da dare, ga tsuntsaye da rana. Saboda su ne ta saba tsinke gwandar da zarar gindinta ya fara rawaya, ta jera a ɗaki ta ƙarasa nuna. Wannan ɗabi'a za ta sake fitowa a gaba.

Abin da take so a fili yake: ta mai da gwandar da ke lalacewa wani abin zaƙi da za ta ƙara cikin kayan sana'arta. Babban ɗanta, ɗalibin sakandare, ya samo mata bayanin wani girki a waya, da Turanci, ya fassara mata baki da baki tana rubutawa a littafin odarta. Fudin ne na gashi, wato haɗin madara da ƙwai da 'ya'yan itace da ake gasawa har ya kama jikinsa, a ci da cokali. Ma'aunin da ta rubuta shi ne: markaɗaɗɗen ɗan itacen kofi 2, madara kofi 1, ƙwai 3, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, fulawa rabin kofi, narkakken bota kwatan kofi, bekin foda ƙaramin cokali 1, kirfa kaɗan. Zafi 350, minti 50.

Disamba 2024: tukunyar yashi

Ta fara a tsakiyar Disamba, lokacin hunturu. Ta fere gwanda biyu, ta kankare har kusa da ɓawo don kada a yi asara, ta murje da ludayi, ta tace a rariya. Ta auna komai da kofin silba da take shan ruwa, ta dama madarar gari, ta haɗa, ta juye a gwangwanin gato mai faɗi, ta sa a tukunyar yashi da wutar da ta saba yi wa gato.

Bayan minti 50 sama ya yi ja, gefe ya kama, amma da ta soka tsinke a tsakiya sai ya fito jage-jage. Ta ƙara minti 20, ta sake ƙara 15. Da ta sauke, ƙasa ya ƙone ya manne da gwangwani, tsakiya kuma yana rawa. Da ya huce sai ya zauna, ya yi rami a tsakiya, wani ruwa mai launin rawaya ya taru a ciki. Yara sun cinye gefen, sauran aka zuba wa kaji.

Ta ɗora laifin a kan wuta. A kwanakin da suka biyo ta rage gawayin ƙasa, ta ƙara kaurin yashi. Ƙunar ta ragu, ruwan yana nan.

Janairu 2025: ƙarin fulawa da tanderun maƙwabciya

Mai gato idan ta ga kwaɓi ya yi ruwa, fulawa take ƙarawa. Haka ta yi: daga rabin kofi ta kai kofi ɗaya, daga baya kofi ɗaya da rabi. Ruwan ya daina fitowa, sai dai abin da ya fito daga tukunya ba fudin ba ne, ba gato ba ne. Ya yi nauyi, yana danƙo a haƙori, ƙasansa da wani layi mai duhu da bai gasu ba. Ɗanɗanon gwanda ya ɓace, saura warinta kawai, wannan warin da wasu ba sa so a nunanniyar gwanda, wanda zafi ya ƙara fito da shi. Maigida ya ɗanɗana ya ce a bar wa yara.

A ƙarshen wata ta koma ma'aunin farko, ta roƙi wata maƙwabciya, matar ma'aikaci, ta ara mata tanderun lantarki. Maɓallin zafin tanderun a 250 ya tsaya. Littafinta kuma 350 ya ce. Su biyun suka yanke shawarar a murɗa shi har ƙarshe, a ƙara lokaci. Cikin minti 20 sama ya yi baƙi, kwaɓin yana tafasa yana tsartuwa daga gefe. Da suka yanka, cikin ya kekkece ya yi ƙananan ramuka, gudajin ƙwai a gefe guda, ruwa a gefe guda.

Farkon Fabrairu: ɗaci ya shigo

Har zuwa nan matsalar ta jiki ce, ba ta baki ba. Ɗaci ya bayyana ne ranar da ta haɗa kwaɓi da hantsi da niyyar komawa gidan maƙwabciyar, sai aka ɗauke wuta. Wutar Garwa mafi yawanta daga madatsar ruwan Lagdo take zuwa, mai nisan kimanin kilomita 50 daga gari, wadda aka kammala a 1982, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, rabon wuta ake yi. Kwaɓin ya zauna a rufe wajen awa uku. Da ta gaji da jira ta hura gawayi, ta tarar ya canza kama: ya yi kauri a sama, ya tsinke a ƙasa. Ta juya ta gasa hakanan. Wanda duk ya kai cokali baki sai ya yamutsa fuska. Ɗacin ba mai tsanani ba ne da farko, a maƙogwaro yake zama bayan an haɗiye.

Ta zargi abu uku bi da bi. Ta ce ko 'ya'yan gwandar ne suka fashe cikin markaɗe, sai ta riƙa cire su ɗaya-ɗaya da cokali. Ta ce ko madarar garin ce ta tsufa, sai ta sayi sabuwar madarar shanu a hannun Fulani ta tafasa. Ta ce ko kirfar ce, ta cire ta. Babu wanda ya kawar da ɗacin gaba ɗaya. Wata rana ya fito, wata rana ya ɓuya, ita kuma ba ta ga abin da ya bambanta ranakun ba. Littafinta dai ya nuna wani abu da ba ta lura da shi ba a lokacin: ranakun ɗaci su ne ranakun da ta haɗa kwaɓi tun kafin ta hura wuta, ko ta bar shi ta tafi wani aiki.

A cikin wannan wata ta gwada kauce wa gashi baki ɗaya. Wata ƙawarta ta ba ta garin jelatin, ta ce a dama da madara da gwanda a sa a firiji ya daskare. Ya kwana a firijin maƙwabciya, kuma a daren ba a ɗauke wuta ba. Da safe yana nan ruwa tsululu, ga ɗaci.

Ƙarshen Fabrairu: abin da ɗiyar ƙanenta ta gano

Ɗiyar ƙanenta tana karatun sarrafa abinci a Jami'ar Ngaundare, a ENSAI, makarantarta ta kimiyyar sarrafa amfanin gona. Ta zo Garwa ganin gida kafin azumi, goggonta ta ba ta labari, ita kuma ta nemi a nuna mata ainihin bayanin girkin a wayar yaron, ba fassarar ba.

Hoton da ke jikin bayanin ya isa. Ɗan itacen da ke ciki kore ne, gajere, bai fi tafin hannu ba, cikinsa rawaya mai kauri, da manyan ƙwallaye baƙaƙe jere biyu. Ba gwandar gida ba ce. Wani itace ne na dazuzzukan gabashin Amurka, jihohi irin su Ohayo da Indiyana da Kentaki, masana na kiransa Asimina triloba, kuma a Turancin can sunansa ɗaya da na gwanda a Turancin Najeriya da Kamaru, wato pawpaw. Dangin gwandar daji ne, wadda makiyaya ke tsinka a jeji, ba shi da alaƙa da gwandar da ke bayan madafi. Ita wannan, Carica papaya, asalinta kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya, jiragen Sifaniyawa da Fotugis suka yaɗa ta duniya tun ƙarni na 16. Amurkawa sun daɗe suna gasa fudin da nasu ɗan itacen, jihar Ohayo ma ta ayyana shi ɗan itacenta na asali a 2009. An gina girkin ne a kan naman da ke da kauri tun daga bishiya.

Bambancin a lissafi yake fitowa. Gwandar gida kashi 88 cikin 100 ruwa ce, wato a kilo ɗaya abin da ba ruwa ba bai wuce giram 120 ba. Ɗan itacen Amurka kuwa ruwansa kusan kashi uku cikin huɗu ne, abin da ya rage ya kai ninki biyu na na gwanda. Kofi biyu na wannan da kofi biyu na wancan ba aiki ɗaya suke yi cikin kwaɓi ba.

Sai yarinyar ta ɗauki kofin silban ta auna shi da robar ruwa mai lamba. Yana cin kusan mililita 350. Kofin girkin Amurka kimanin 240 ne. Ma'ana duk abin da aka auna da kofi ya ƙaru da kusan rabi, amma ƙwai, da ake ƙirgawa da ɗai-ɗai, ya tsaya a uku. Ƙwai kuwa shi ne ginshiƙin fudin, shi ke riƙe ruwan. Lamba 350 ita ma ta warware: ma'aunin Faranhait ne na Amurkawa, daidai da kimanin 177 a ma'aunin Salsiyos da ke jikin tanderun maƙwabciya. An gasa abin a 250 alhali ko 180 bai kamata a wuce ba.

Saura ɗaci da jelatin da ya ƙi daskarewa. A nan ba ta yi dogon bayani ba, ta ce: "Goggo, me ya sa Hajiya take naɗe naman tsohon sa da ganyen gwanda kafin ta dafa?" Goggon ta ce don ya yi laushi mana, wa bai san wannan ba. Yarinyar ta ce to abin da ganyen ke yi wa nama shi gwandar ke yi wa madararki da ƙwanki.

A jikin gwanda akwai wani sinadari da ake kira fafen, wanda aikinsa yayyanka furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da madara da ƙwai. Ya fi yawa a farin ruwan da ke tsattsafowa idan an ƙwarzani ɗanyar gwanda, da ganye, da daf da ɓawo, yana raguwa yayin da gwanda ke nuna. Har masana'antu na tatsar sa su busar, a sayar a matsayin garin tausasa nama. Idan ya haɗu da madara yakan daddatsa furotin ɗinta zuwa ƙananan gutsattsari, wasunsu masu ɗaci ne, kuma gwargwadon zaman da suka yi tare gwargwadon ɗacin. Jelatin ma furotin ne, shi ya sa ɗanyar gwanda ke hana shi kamawa, kamar yadda ɗanyar abarba ke yi. Abin da ya fi damun mai gashi shi ne fafen yana jure zafi. Ɗumi ma ƙarfi yake ƙara masa, ya fi aiki a wajen digiri 60 zuwa 70, ba ya mutuwa sai an kusanci tafasa. Kwaɓin da ke ɗumama a hankali cikin tukunyar yashi yana ba shi lokaci mai kyau kafin zafin ya kashe shi. Ga shi kuma gwandar gidan tun ba ta gama nuna ba ake tsinke ta, ana kankare ta har ɓawo.

Shawarar yarinyar ɗaya ce: a dafa gwandar ita kaɗai kafin ta ga madara ko ƙwai.

Sun gwada tare kafin ta koma makaranta, kuma ban da gyaran ma'aunin kofi, abu ɗaya tak aka canza aka bar sauran. Suka tafasa markaɗen minti 10, ya huce, suka haɗa da ma'aunin da aka gyara zuwa kofin 240, suka bar kwaɓin da gangan ya yi awa ɗaya kafin gashi. Babu ɗaci ko kaɗan. Amma da ya huce ruwa ya ɗan taru a ƙasan gwangwani. Wannan ya raba matsalolin biyu: tafasa ta kashe ɗaci, ba ta kori ruwa ba.

Maris: ma'aunin da ya zauna

Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, daidai lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 da rana. A makon farko matar ta ci gaba ita kaɗai, da ƙaramin sikelin da take auna fulawar gato.

Ta bi lissafin da aka bar mata: idan kilo ɗaya na gwanda ya ƙone ya koma giram 500, kaurinsa ya yi kusa da na ɗan itacen da aka rubuta girkin dominsa. A tukunya mai zurfi abin ya ɗauki kusan awa ɗaya, ya kuma kama a ƙasa ya ba da ƙauri. A faffaɗan kasko, da matsakaiciyar wuta, tana juyawa da muciya, minti 30 zuwa 35 ya isa. Alamar da ta riƙe ita ce idan ta ja muciya a tsakiya, hanyar ta tsaya buɗe na ɗan lokaci kafin ta rufe. Launin ma yakan tashi daga ruwan lemo mai haske zuwa ja-ja mai duhu, zaƙin ya taru, har ta rage sukari.

Warin gwanda ta kashe shi da lemun tsami da ɗanyar citta. A nan ma an yi tuntuɓe sau ɗaya: ta matse lemun cikin madara, nan take ta tsinke. Daga ranar a kasko take zuba ruwan lemun, cikin gwandar, a mintunan ƙarshe na dahuwa. Bekin foda ta cire shi baki ɗaya, don shi ke sa abin ya kumbura a wuta ya faɗi idan ya huce.

Sai batun wuta, wanda ya fi cin lokaci. Haɗin ƙwai da madara da sukari yana kamawa ne a wajen digiri 80 zuwa 85. Idan ya zarce ya kai ga tafasa, ƙwan ya takure ya matso ruwan da ya riƙe, a samu ramuka da gudaji irin na tanderun maƙwabciya. Yashi mai zafi yana wuce wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙasa ke ƙonewa tsakiya bai nuna ba. Ta kwashe yashin, ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙasan tukunya, ta jera ƙananan kofunan alminiyam a kai, ta zuba ruwan zafi ya kai rabin tsayinsu. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka yi masa, don haka shi ke tsare ƙasa da gefe.

Da ta rufe tukunyar ba garwashi a sama, tururi ya taru a murfi yana ɗiga, abin ya fito fari fat da tabo-tabo kamar alala. Da ta mai da garwashi kan murfi sai murfin ya yi zafin da tururi ba ya zama a jikinsa, saman fudin ɗin ya bushe ya yi ja mai kyau. Tsarin da ta tsaya a kai ke nan: wuta kaɗan a ƙasa, yadda ruwan zai riƙa motsi ba tare da ya yi bori ba, garwashi mai yawa a sama.

Ga abin da ke rubuce a littafinta daga tsakiyar Maris, bai kuma canza ba: gwanda wadda ta nuna sarai, a fere da kauri, a kankare farin zaren ciki, kilo 1 a dafa ya koma giram 500, ruwan lemun tsami babban cokali 2, gurzajjiyar citta ƙaramin cokali 1, ƙwai 4, madara mililita 250, sukari giram 100, fulawa giram 60, narkakken bota giram 50, gishiri ɗan kaɗan. Gwandar ta huce kafin ta haɗu da ƙwai, in ba haka ba ta dafa shi. A kaɗa ƙwai da sukari sama-sama ba tare da an tayar da kumfa ba, a zuba sauran, a tace. Yana cika ƙananan kofuna 12. Minti 35 zuwa 40, a sauke tun tsakiya na ɗan rawa, zafin jikinsa zai ƙarasa shi. A babban gwangwani guda kuwa yakan kai awa ɗaya.

Gwandar kuma ta daina tsinke ta da wuri. Tsofaffin buhunan albasa masu raga take ɗaura wa waɗanda suka fara rawaya, jemage ya gani ya bari.

Rabin azumi zuwa Sallah: sayarwa

Ta fara aika yara da shi layi-layi kafin shan ruwa, kofi ɗaya sefa 200. Ya samu karɓuwa, musamman wajen tsofaffi da masu neman abu mai laushi bayan kunu. Bisa lissafinta, kofuna 12 na cin kimanin sefa 1,700 a ƙwai da madara da bota da gawayi da kofunan kansu, gwanda kyauta. Abin da ke saura bai wuce 700 ba.

A mako na biyu na sayarwa aka samu koma-baya. Don ta huta da rana, ta gasa ninki biyu bayan sallar asuba, ta rufe a ɗaki. Kafin la'asar waɗanda ke tsakiyar tire sun fara tsami, samansu yana yauƙi. Ba ta bari sun fita ba, ta zubar da duka, asarar kwana biyar na riba a yini ɗaya. Abinci mai ƙwai da madara ba ya jure zaman ɗaki. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka ke bayarwa ita ce kada irinsa ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ɗakin kwano a Garwa cikin Maris ya wuce wannan tun hantsi. Gato da cincin sun saba mata da kayan da ke kwana da kwanaki, wannan kuwa ba ya cikinsu.

Ta sake tsari. Dafa gwanda ta mai da shi safiya, tunda ita kaɗai ce da lemun tsami, ba ƙwai ba madara. Haɗawa da gashi sai bayan la'asar, a sauke saura kamar awa ɗaya a sha ruwa, a kai wa mutane da ɗuminsa. Ta daina tallan yawo, sai wanda ya aiko tun safe. Daga nan har Sallah ba a sake zubar da ko kofi ɗaya ba, amma kuma ba ta taɓa wuce tukunya biyu a yini ba, don lokacin da ke tsakanin la'asar da magariba shi ne kuma lokacin girkin buɗa-baki na gidanta.

Afrilu zuwa Yuni

Bayan Sallah zafi ya sa bishiyoyin suka rage 'ya'ya, mangwaro kuma ya cika kasuwa. Ta gwada ma'aunin da mangwaro mara zare, ya yi kyau, kuma ko an bar kwaɓin bai yi ɗaci ba, sai dai shi ma yana son a ɗan rage masa ruwa. Sayarwar kullum ta bar ta. Fudin ɗin ya koma cikin jerin abin da ake yi mata oda: ta yi kofuna 60 na wani suna a Mayu, ta kasa su tukunya-tukunya yadda kowace za ta fita a kan lokaci, ta yi wa gidaje huɗu a Babbar Sallah a farkon Yuni. Maƙwabciya mai tanderu ta karɓi ma'aunin, tana yi a 170 da tiren ruwa a ƙasa, nata ma yana fitowa daidai idan wuta ta bari.

Hukunci

Kurakuran da ke cikin wannan lamari guda biyar ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Kofin silba da lambar 350 kurakuran fassara ne, ana gyara su cikin minti biyar da zarar an gane. Yashi a madadin ruwa kuskuren sabo ne: hannun da ya ƙware a gato ya ɗauka fudin ma gato ne. Ko da an gyara waɗannan uku tun Disamba, abin da zai fito zai ci gaba da zubar da ruwa, ya kuma yi ɗaci duk ranar da kwaɓi ya jira wuta. Tushen matsalar a jikin gwandar yake, ruwanta da fafen ɗinta, kuma mataki ɗaya ne ya magance su tare, wato rabin awa a kasko kafin ta taɓa madara. Gwajin ƙarshen Fabrairu ne hujja, don a ranar an tafasa ba a ƙone ba, ɗaci ya tafi ruwa ya tsaya.

Wata biyu da rabi da aka ɓata kafin nan ba rashin iya girki ya jawo su ba. Matar takan canza abu biyu ko uku a gwaji guda, ta sauya madara ta kuma sauya wuta, don haka ko an samu sauƙi ba ta san wanne ya kawo shi ba. Ƙarin fulawa shi ne gwajin da ya fi ɓatar da ita, saboda ya yi kama da nasara: ruwa ya ɓace, amma ya tafi da abin da ake nema. A ganina da ta ga hoton da ke jikin bayanin tun ranar farko, da ita da kanta ta ce wannan ba gwandarmu ba ce. Fassarar baki ta kawo mata lambobi ta bar hoton a waya.

Ta fuskar sana'a kuwa sakamakon matsakaici ne. Sefa 700 a kan aikin da ke cin kusan awa biyu da tsayuwa kan wuta bai kai abin da gato ke kawo mata ba, kuma iyakar ba daga girkin take ba, daga zafin gari da rashin firijin da za a dogara da shi take. Shawararta ta barin talla ta koma oda ita ce daidai da halin da take ciki. Burin farko, na hana gwanda lalacewa, ya cika rabi: tukunya biyu a yini na cin gwanda kilo biyu ne kawai bayan fira, bishiya uku kuma a lokacin hunturu suna ba da fiye da haka. Dafaffen markaɗen da ta iya yanzu, idan aka ƙara masa sukari da lemun tsami aka ƙone shi sosai, zai zama jam da ke daɗewa a kwalba, kuma shi ta ce za ta gwada idan bishiyoyin sun sake cika a Nuwamba.